Baƙar Gurjiya a Hannun Dama

Wata rana, a wani gidan sistocin Katolika da ke kudancin Kaduna, aka wayi gari kowa yana tafiya a kan yatsun ƙafa.

Ranar yanke hukunci ce a kan Sista Keziya.

Ga waɗanda ba su sani ba: mace ba ta shiga gidan sistoci yau ta zama 'yar gida gobe. Sai ta yi shekaru ana kallon addu'arta da aikinta da bakinta. Daga nan manyan sistoci su zauna su duba ko za a bar ta ta ɗauki alkawarin dindindin, ko kuwa ta cire lulluɓi ta koma gidan ubanta.

A wannan gida ba a ɗaga hannu, ba a rubutu. Da gurjiya ake yi.

Ana ajiye faifai a ƙofar ɗakin taro. Kowace babba ta ɗauki ƙwaya biyu, fara da baƙa. A ciki akwai tulu mai ƙaramin baki, inda kowacce za ta jefa ƙwaya ɗaya. Fara, ta zauna. Baƙa, ta tafi.

Manyan su biyar ne. Gidan da mata ke zaune ba ya riƙe sirri, don haka Keziya ta san lissafinta: biyu suna sonta, biyu ba sa yi.

Ta biyar ita ce Sista Filomena. Mama Filo.

Tsohuwa ce da ta haura tamanin, harshe kamar aska. Ita Keziya ke wa wanka, ta yanke mata farce, ta karanta mata Zabura, ta riƙe ta zuwa Mas, wato sujadar coci, kowace safiya. Sannu ɗaya ba ta taɓa samu ba.

Akwai kuma abin da Keziya kaɗai ta sani a gidan nan: idon Mama Filo ya tafi. Ba raguwa ya yi ba, tafiya ya yi. Tsohuwar tana ɓoyewa, tana riƙe littafin addu'a a gabanta alhali da ka take karantawa.

Aka gama addu'ar safe. Aka buga ƙararrawa.

Manya huɗu suka shige. Keziya ta taho da tsohuwar a hankali, taku bayan taku, har bakin ƙofa. Ba kowa a barandar sai su biyu da faifan gurjiya.

Mama Filo ta tsaya. Ta buɗe tafukan hannunta.

"Ke, 'yar nan."

"Na'am, Mama."

"Sa mini baƙar a hannun dama. Da shi nake jefawa."

Keziya ta ɗago kai ta dube ta.

"Baƙar, Mama?"

"Kurma kika zama kuma? Ni ce makauniya, ba ke ba."

Jama'a, gurjiya gurjiya ce. Fara da baƙa girmansu ɗaya, santsinsu ɗaya. Yatsa ba ya ganin kala.

Keziya ta dubi faifan. Ta dubi ƙofa. Ta dubi idanun nan farare da ke kallon bango.

Zuciya ta fara yi mata huɗuba, irin wadda ta fi ta Fadan coci daɗi a kunne.

Wa zai sani? Ba Allah ne ya kira ki gidan nan ba? To ai taimaka wa kiran Allah za ki yi. Ki koma ƙauye ki ce musu me? Uwarki da ta ɗinka anko da matan zumuntar coci, ta gaya wa duniya 'yarta za ta zama amaryar Almasihu, da wane ido za ta shiga coci? Don tsohuwa ɗaya mai baƙin rai?

Hannunta ya sauka a kan farar. Ta ɗauke ta ma.



"Kin mutu ne a tsaye?" in ji Mama Filo. "Ana jirana."

Keziya ta sa farar a hannun hagu. Ta ɗauki baƙar, ta ɗora a tafin dama, ta naɗe yatsun tsohuwar a kanta da hannunta.

"Ga ta nan, Mama. Baƙar ce."

Tsohuwar ta lalubi ƙofa, ta shige, aka rufe.

Keziya ta wuce ɗakin addu'a ta durƙusa. Ta ɗauko rosari, carbin 'yan Katolika, amma ko addu'ar Gaisuwar Maryamu ɗaya ta kasa kaiwa ƙarshe. A ranta tana ninke kayanta ne, tana tunanin motar da za ta hau a tasha da kuma wanda zai fara ganinta in ta sauka ba lulluɓi.

Ta cikin bango ta ji ƙarar ƙwaya tana faɗawa tulu. Ƙwas. Sai wata, sai wata, sai wata. Sai shiru mai tsawo, da muryoyi ƙasa-ƙasa. Sannan ta ƙarshe.

Aka aiko a kira ta.

Ta shiga, ta durƙusa a tsakiyar ɗaki. Babbar Sista ta dube ta ta saman tabarau.

"Sista Keziya, gida ya karɓe ki. Ki fara shirin alkawarinki."

Ba ta gane hanyar fita ba sai da aka nuna mata.

Da aka watse ta koma aikinta, ta riƙo hannun tsohuwar zuwa ɗaki. Suna cikin tafiya Keziya ta ce:

"Mama, ashe gwada ni kika yi."

"Gwaji? Ina da lokacin wasa da ke? Korar ki na shiga yi. Na ɗauka irin masu ladabin ganin ido ce ke, na ce yau zan kama ki da hannu a miya. Na buɗe tafina gaban Babbar Sista na ce ta faɗa mini kalar abin da ke ciki."

Ta yi tsaki.

"Yanzu duk gidan nan an san Filomena ta makance. Saboda ke. Da ta ce mini baƙa ce, sai na jefa farar da ke hannun hagu."

Keziya ta zube tana kuka a ƙafarta.

"Tashi, kada ki jiƙa mini safa. Wadda za ta ba ni wuƙar yanka ta don na tambaya, ita nake so ta riƙe mini hannu ranar da zan mutu."

Darasi:

Kowa waliyyi ne a gaban mai ido. Halinka na gaskiya shi ne abin da ka sa a hannun makaho. Kuma kada ka ce za ka taya Allah aikinsa da 'yar ƙarya. Bai aike ka ba. Ba kullum gaskiya ke biya nan take ba, wata ta yi irin wannan ta hau mota ta koma gida. Amma gara ka fita da ƙafarka da ka zauna har tsufa a kujerar da ka sata.

Kada ku danna mini alamar so ku wuce. Ku tura wa duk wanda aka damƙa wa amanar wanda ba ya iya bincikarsa: mai jinyar tsoho, mai riƙon maraya, mai karanta wa wani abin da ba ya iya karantawa. Ya karanta, ya dubi hannunsa.