Ba a Tashi a Bar Baƙo

Ta tagar ofishinsa, mai sayar da tikiti yana kallon wata dattijuwa a bencin tasha. Yatsunta sun yi shuɗi da rini, ƙafar tabaraunta ɗaure da zare. Ta ƙura wa waya ido, can sai ta gyara ɗankwali, tana murmushi.

"Maraba, sannu da zuwa," take cewa a hankali.

"Inna, da wa ake gaisawa?"

Ta juyo masa da wayar. "Shafin saƙata ne, jikata ta buɗe mini. Duk wanda ya leƙo, sai ɗigo ya haska a kan kayan da yake dubawa. In suka yawaita, ba a rasa mai saye."

Yana raya wa ransa cewa a da tana da rumfa, har da kujerar baƙi. Yanzu baƙinta ba sallama ba sawu, sai dai su ƙyalla su ɓace kamar taurari.

Motarta ta cika, direba yana ta danna oda. Ko motsi ba ta yi ba, domin ɗigo ɗaya ya tsaya a kan wani bargo.

"Bari ya gama dubawa, ɗana. Ba a tashi a bar baƙo."