Ɗan Koyo a Kantin Bindigogi

Safar hannu na shigo saya a wani kantin kayan wasanni da ke unguwar Jamaica, nan ƙasar Turawa, sai ga wani mutum tsaye gaban teburin mai kantin: dogo, siriri, kwat ta yi masa yawa, ga zanen Gobirawa har kunne. Da guntun Turancinsa yake gaya wa Baturen kantin wai bai taɓa riƙe bindiga ba. Ƙarama yake so, da madubin hange, ya riƙa koyon harbin takarda a filin gwajin harbi ran Asabar.

Baturen ya miƙo masa ɗaya. Mutumin yana jinjina ta, yana shinshinar bakinta. Da ya ɗaga zai auna, sai ya kafa ƙafa ya kawar da fuska gefe. Baturen na ta dariya, yana nuna masa inda ake ɗora kunci.

Ni ban ga abin dariya ba. Haka kawuna yake yi da bindigarsa ta gargajiya, kada tartsatsin albarushi ya ci masa ido. Ɗan koyo ba ya gudun wutar da ba ta taɓa lasarsa ba.

Na ce, "Sannu, Malam. Daga wane gari?"

"Daga wurin aiki," in ji shi, ko kallona bai yi ba. "Yallaɓai, sayi safarka."

Yanzu ya ɗauki madubin yana leƙawa ta taga, yana bin masu jiran bas ɗaya bayan ɗaya.

Na rantse maharbi ne tun daga gida. To, garin nan ba barewa, ba gada. Sawun wa ya biyo?