Amsar da Hajiya ta bari

Shekarun da na yi ina kula da sabar imel, wato na'urar da ke rarraba saƙonnin ofishinmu a Doka, aikina bai wuce buɗe wa mutane akwatin imel da sake musu lambar sirrin da suka manta ba. Wani sai ya manta tasa ranar da ya zaɓe ta.

Shugabar sashenmu, da kowa ke kira Hajiya tun ba ta je ba, ba ta mantuwa. Ita ta sa na kafa mata matatar saƙonni: duk saƙon ƙaninta ya zarce wata jaka, kada ta gani. Tun rabon gidan mahaifinsu na Hayin Banki ba sa magana. Ta toshe lambar wayarsa, shi kuma ya koma aiko mata barka da Juma'a ta imel, bai taɓa fashi ba.

Da za ta tafi aikin Hajji sai ta kira ni in saka mata amsar da na'ura za ta riƙa mayarwa. Na ɗauka irin ta kowa ce, ba na nan, a nemi mataimakina. Ta ce in rubuta: "Na tafi Makka. Duk wanda na saɓa wa ya yafe mini."

Na ce, "Hajiya, har masu tallan tawadar firinta za su samu."

"Su ma su yafe." Ta gyara mayafi. "Kowa da kowa zai samu?"

"Ban da mutum ɗaya. Matatar ce ke fara tare shi, amsar ba ta kai kansa."

Ta dubi kalandar bango. Sannan ta ce, "To ka sa amsar a gaba. Amma jakar tana nan."

Na yi yadda ta ce. Na kuma saita kowa ya samu sau ɗaya a mako, don kada masu cewa sun yafe su yi ta musayar gafara da na'ura.

Ranar Juma'a ƙanin ya aiko, na'ura ta ba shi amsa. Kafin La'asar ya sake aikowa, a kan layin taken saƙon ya rubuta, shi ya sa na gani: "Na yafe, Yaya. Ni ma ki yafe mini." Na'ura ta yi shiru, kamar yadda na saita ta.

Hajiya ta rasu a Mina, Allah Ya jiƙanta. Mutuwar ta taɓa ni fiye da yadda na zata.

Bayan kwanakin zaman makoki ƙanin ya zo ofis, dattijo mai furfura. Ya ce, "Malam, ta karanta?"

Na ce ba ta buɗe ba.

"Ashe na'ura ce ta roƙe ni."

Na ce, "Baba, da na'ura ce da ba ka samu ba. Hajiya ce ta sa na buɗe maka hanya."

Ya zauna a kujerar da ake zama a sake lambar sirri, ya ce in maimaita masa.