Sunan da ya ƙi fita

A gidanmu na Taura, da an idar da sallar isha sai mu kewaye Iya, kakarmu ta wajen uba, a bakin murhu tana soya mana gyaɗa. Ba ita kaɗai take yin tatsuniya ba, raba mana mutanen ciki take yi. "Kai ne makiyayi, ke ce uwarsa. A'a, haka tsohuwa take tafiya? Rage sauri, ja'ira!" Ina jin a nan na fara koyon sana'ar da nake ci da ita yau, ta ba 'yan fim umarni.

Akwai wadda take yawan maimaita mana. Wata mata ce ɗanta na fari ya bi shanu kudu, shekara da shekaru babu labari, har aka fitar da rai. Ran nan sai ga shi a tsakar gida. Uwar tana daka, ta ɗago ta gan shi, ta mayar da kai ta ce da ƙannensa, "Ku ba baƙon nan ruwa." Sai dai taɓarya ta daina samun tsakiyar turmi, gero ya yi ta zubewa ƙasa.

Mu kuwa haushi muke ji. "Iya, ko sunansa ba ta kira ba?" Sai ta tura mana gyaɗa ta ce, "Ku ci kafin ta huce." Ita ma ba mu taɓa jin sunan babanmu a bakinta ba, don shi ne ɗan farinta. "Wancan" take ce masa.

Bara muna gwajin wani fim a Dutse, na ɗauko wata dattijuwa daga Ringim, Hajiya Ladi, ta fito uwar Auwalu, wanda ya dawo daga doguwar tafiya. Na tsara ta rugo tana ƙwala masa kira. Komai na ce tana yi, amma da an zo kan sunan sai ta yi shiru. Muka sake, muka kuma sakewa. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya a gaban yaran da ta haifi sa'o'insu: "Hajiya, in ba za ki iya ba, akwai masu jira!"

Ta gyara mayafi. "Yi haƙuri, Darakta. Bakina ne bai saba ba."

Mai kyamara ɗan unguwarsu ne. Ya ja ni gefe ya ce sunan ɗanta na fari ke nan. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Ni da na tashi a bakin wancan murhu, ni ne nake wa uwa tsawa saboda ta yi kara.

Na je na rusuna na ce, "Hajiya, yi yadda za ki yi a gida." Yaron da ya fito Auwalu ya shigo da jakarsa. Ba ta dubi fuskarsa ba, ƙafafunsa ta tsura wa ido, ta ce a hankali, "An rame."

Da muka tashi ina ta haɗa kalmomin ban-haƙuri a raina, sai ga ta ta riga ni. Ta ce, "Ɗan nan, ka yafe mini, na ɓata maka lokaci."