Neman Mai Yabon Dakta, Daga Bakura Zuwa Maradun

Mun tashi da asuba mun kintsa, amma sai da rana ta fito sosai muka bar Sakkwato, don hanyar nan yanzu ba a yi mata sammako. Mu uku ne a motar jami'a: ni, da direba, da wani malamin sashen noma da zan kira Dakta kawai, tunda in na faɗi sunansa ba zai ƙara gaishe ni ba.

Masu bibiyata sun san aikina. Ina ofishin da ke nemo wa malamai sanarwar tallafin bincike na gwamnati, in zauna da su mu gyara takardar nema har ta iya gogayya da ta sauran jami'o'i. Dakta kuwa shi ne ciwon kaina. Ya yi shekaru yana bin mutanen da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu, yana karɓar irin gero da dawa da maiwa na kaka da kakanni. Suna nan cikin kwalabe a ofishinsa, zafi yana cin su. Iri kuwa rai gare shi, in bai samu ɗakin sanyi da gonar sabuntawa ba, a kwalba zai mutu. Sau biyu yana nema ana kayar da shi, duk a wuri ɗaya: inda ake so mai nema ya faɗi abin da ya sa ya cancanta. Kun san abin da bawan Allahn nan ya rubuta? Wai akwai waɗanda suka fi shi sani, shi dai yana ɗan taɓawa. Na yi faɗa har na gaji, sai ya ce, "Hajiya, yabon kai jahilci." Ga shi a ƙarshen watan za a rufe karɓa. Na ce tunda ba zai yabi kansa ba, ya kai ni wurin waɗanda suka san aikinsa.

Muna wuce Tureta direba ya kashe rediyo, kowa ya kama addu'ar da ta zo bakinsa. Ga ramuka, ga shingayen jami'an tsaro. Ban saki jiki ba sai da muka karya kwanar Bakura na hango shinkafar rani kore shar, ruwa na bin magudanai, balbelu na kiwo a tsakani.

Manoman da suka san Dakta sun tarye mu a gindin mangwaro. Aka yi gaisuwa, aka sake, aka tambayi gajiya da iyali da zafi, aka kawo fura mai sanyin randa. Na tambaye su me Dakta ya yi musu. Wani ya ce, "To, alhamdu lillahi." Haba! Duk wannan tafiya a kan alhamdu lillahi? Can na lura Dakta ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da tsinke, su kuma suna kallon gefe. Ashe ni ce ban yi dabara ba, wa zai yabi mutum a kan idonsa? Na ce wa direba ya kai shi ya duba wata 'yar gona da suka ara masa.

Kafin ƙarar motar ta ɓace bakuna sun buɗe. Wani dattijo daga Dakko ya ce shekarar da suka rasa shuka, iri ya ƙare musu ƙaf, Dakta ne ya zo a kan babur da farar dawar da ya taɓa karɓa a hannunsu, ya raba gida gida. "Wagga dawa da muka ci yanzu, tashi ta," in ji shi. Na yi ta rubutu har hannuna ya ƙage.

A Talata Mafara muka kwana, muka kuma dace da ranar kasuwa. Na ci hoce, wato gasasshiyar wainar dawa, da soyayyen kifin dam ɗin yankin, na sha rake kamar ba gobe. Na taya tiyar shinkafa, wato kwanon awo ɗaya, da na ji kuɗin sai na tambayi mai ita ko har da tukunya. Ya yi dariya ya ce har da albarka. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar kudancin Kaduna ce ta sauke ni. Ta daɗe a garin har Zamfarcinta ya fi nawa, kuma ba ta bar ni na tafi ba sai da ƙullin albasa.

Da hantsi muka shiga Maradun. Nan mahaifiyar Dakta take zaune a gidan 'yan'uwa tun da suka baro Gidan Goga. Shi ne ɗanta na fari. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice tana kallon bango, sannan ta juyo ta rungume ni kamar ni ta haifa. Mutum ne da furfura a gemu, ɗalibai na rawar jiki a gabansa, amma bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ya fita wurin maza.

Na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ta murza bakin zanenta, ta ce, "Ɗiyata, da munka gudo, tsohonsu bai yi kukan shanu ba, kukan geronai ya yi, na ubanai. Wancan na waje bai ce ma kowa komi ba. Ya koma cikin garin da babu kowa, ya hau rumbu, ya ɗauko zangarniya cike da riga. Tsohon ya rasu da ita ƙarƙashin matashi." Ta share ido. "Ni ban hwaɗa mai ba, kuma ba ni hwaɗi. Ke da hwaɗi aikinki ne, tahi ki hwaɗa ma gwamnati yaron kirki ne."

Wallahi na yi kuka, ban ɓoye ba.

Mun juyo da wuri don kada la'asar ta same mu a hanya. Sai da muka wuce Mafara Dakta ya yi gyaran murya, yana kallon gaba, ya ce, "Hajiya, mi tsohuwa ta ce?" Na maimaita masa, ban rage komai ba. Ya juya fuskarsa wajen taga. Direba, Allah ya yi masa albarka, ya ƙura wa titi ido kamar bai ji ba. Sannan Dakta ya ce, "To, in mun koma ki tambaye ni. Duk abin da na yi zan faɗa."

Mun iso gida lafiya kafin magariba. Washegari ya zo ofishina da kansa, ya zauna ya lissafa ƙauyukan da ya shiga da irin da ya ceto, yana gumi kamar mai amsa laifi. Mun tura takardar a kan lokaci.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, malamanmu da yawa ba ilimi suka rasa ba. An yi musu tarbiyyar da ta hana su cewa "ni ne", ga shi gasar tallafi sai da hakan. Ni kuma da nake yi musu tsawa, ashe aikina in tashi in je inda ake yabonsu a bayan ido, in ɗauko in kawo.

Sakamako bai fito ba tukuna, irin yana nan a kwalabe yana jira, ku sa mu a addu'a. Ranar da muka tura, Dakta ya kira ƙanwarsa a gabana ya ce ta shaida wa tsohuwa. Ba a jima ba ta sake kira. Wai tsohuwa ta ce ta ji, kuma a tambayi wancan ko ya ci abinci.