Kujerar Kawu Abarci

Jama'a a gyara zama, mai hula ya daidaita ta. Mu nan Mushe muke ce wa malami. To ga Mushe Zakariya'u, malamin motsa jiki na kwalejin garinmu Dakoro, uban ƴan kuros, wato gudun nan na ratsa gonaki da tudun rairayi, mutumin da tun da na san shi ban taɓa ganin ya yi sauri ba, ko hadari ya taso.

A Birnin Lalle aka haife shi. An ce ya yi gudu da ƙuruciya, amma masu shaidar duk sun tsufa. Dukiyar ƙungiyarsa usur ne da jarkar ruwa da wasu riguna da suka sha gumin yara da yawa. Ni ma na sa ɗaya kafin ni da lakwal, wato makaranta, mu rabu lafiya. Damina na faɗuwa rabin yaran su koma gona, sai an cire gero su dawo, ya sake koya musu numfashi daga farko.

Bara daraktan kwalejin ya gaji. Ya ce in gasar makarantun yankin ta zo ba a samu ɗan kwalejin ko ɗaya da zai je Maradi ba, ya soke kuros, ya bar wa ƴan ƙwallo yammacin. Ukun farko kaɗai ke zuwa.

Mushe na da yaro guda, Nafi'u ɗan Korahane, ƙafa kamar ta barewa. Cutarsa ɗaya, tarbiyya. A gasar baya yana gaba, sai ya hango kawunsa Abarci a bakin hanya. Ya tsaya, ya tuɓe takalma, ya durƙusa. Shi kuwa Abarci bai iya gaisuwar gaggawa ba. Ya tambayi gida, ya tambayi awaki, ya tambayi rijiya. Kafin su kai ga gajiya har mai ɗingishi ya wuce.

Mushe ya kira yaron. "Bana in ka ga kawunka, ka kau da kai."

"Mushe, kawuna ne hwa."

"Ka gaishe shi bayan gudu."

"Ya gan ni, na gan shi, in wuce? Mi zan ce ma inna?"

Sai Mushe ya hau babur ya nufi Korahane. Bai ce wa tsohon kada ya zo ba, wannan ai faɗa ne. Cewa ya yi, "Baba Abarci, babba kamarka bai kamata ya tsaya cikin rana ba. Mun tanadar maka kujera." Ranar gasa ya aje ta a inuwar bishiyar bedi, gaba kaɗan da layin ƙarshe.

Nafi'u ya ɓullo shi kaɗai a gaba. Da ya hango kawu zaune sai ya rage gudu, don ba a tunkarar babba da ƙura. Wani yaro ɗan garin Mai Yara ya wuce shi fuu. Nafi'u ya ƙetare layin a sunkuye, yana lalubar takalmi, ya zube gaban kujera. Darakta ya yi tari, ya ce a nemo motar Maradi.

Na ruga wajen Mushe. "Ranka ya daɗe, sarkin dabara! Yau sai a roƙa ka da kalangu, a sa ma titi sunanka!"

Ya gama ɗaure bakin jarka, ya dube ni.

"Na biyu ya zo. Wanda ya ci ba shi da kawu. In tsohon ya tashi ka maida kujerar, ta darakta ce."