Ruwan Saman da Aka Yi a Kicin

Ranar, tun da sassafe Auta ta sace wa mahaifiyarta tire. Da hantsi ta ɗebi shinkafa. Da azahar ta kulle kanta a kicin, ta rataya bargo a taga, ta kafa makirufo, ta daka tsawar nan da ta sa gidan ke kiranta Malama Shiru.

Aikinta haɗa sauti ne. Ita da abokanta suna shirya ɗan ƙaramin fim, labarin wata yarinyar ƙauye da ke hira da itatuwa, tana jin zuwan ruwa kafin kowa. Sai dai da rani aka ɗauka. Iskar cikinsa tsintsiyar gidan ce, fukafukan tsuntsaye kuwa lemar mahaifinta. Ruwan fitowar ƙarshe ne ya rage.

"Shinkafar tawa ce za ta zama damina?" in ji uwar daga bakin ƙofa.

"Mama, sunanki fa zai fito a fim."

"Riƙe sunan, ki ba ni tirena."

Da la'asar shinkafa ta fara sauka a tire, yayyafi tukuna, sannan ta kece. Uban yana falo, har ya miƙe zai kwashe shanya, sai tari ya sarƙe shi.

"Haba Baba! A cikin ruwana?"

Ta ce gobe za ta sake. Da magariba ta fita, hatsarin mota ya rutsa da ita. Ba ta dawo ba.

Bayan makonni daraktan fim ɗin ya zo, ya durƙusa gaban uban. Ruwan nan ɗaya suke da shi, in ji shi, amma na'ura za ta iya share tarin.

"Muryarta fa?"

"A haɗe suke, Baba. Tare za su tafi."

"To, a bar ni in yi tarina."

Haka fim ya fita. Yarinya na tsaye cikin ruwa, aka yi tari, aka yi faɗa. Masu kallo suka ɗauka bishiya ce ta yi tarin, yarinyar ta yi mata faɗa, har ana yaba wa darakta hikima. Uban bai gyara wa kowa ba.

Tufafinta an raba wa 'yan uwa. Makirufo ya koma wajen abokanta. Lema ta dawo wa mai ita da ƙarfe biyu a karye, bai kai gyara ba. Tire kuwa uwar ta wanke, ta jingina bayan ƙofar kicin, ta sayo wani.